Masu cewa a fara sana'ar kwalliya a gida, ku riƙa faɗar maganar gaba ɗayanta

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ku da abokan aikinku.

Na jima ina son rubuto muku wasiƙar nan amma hannu bai samu sarari ba sai yau da wata kwastoma ta fasa zuwa. Abin da ya tunzura ni shi ne yanzu duk inda mutum ya leƙa, Facebook ne ko TikTok, sai ya ji ana ce ma 'yan mata wai ki fara kwalliya a gida kawai, ba ta cin jari, madubi da kujera sun isa, shi kenan an rufe zance. To ni a ciki nake tsundum. Kwana uku a sati ina aiki a shagon gyaran gashi na wata madam, sauran kwanakin ina karɓar nawa mutanen a ɗakin da na ware a gida, kitso da wankin kai da kwalliyar fuska da ɗan gyaran farce, shekara biyu ke nan ina haɗa biyun, don haka ina ga ina da bakin magana ko yaya ne.

Abin da ba wanda yake son taɓowa shi ne maganar madam. Wallahi nan ne yawancinmu muke ɓata rawarmu da tsalle, kuma ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Watana na farko wata kwastomar shago ina mata kitso ta rage murya ta ce in ba ta lambata, ai ta ji ina yi a gida kuma zai fi mata sauƙi, ni kuma zumuɗi ya kwashe ni na ba ta. Ko sati ba a rufa ba zancen ya koma kunnen madam, don duk wadda ta taɓa zama a shagon gyaran gashi ta san magana ba ta kwana a wurin. Ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ce ashe haka muke da ke, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Washegari na je na same ta muka zauna, na faɗa mata gaskiya cewa albashin kwana uku ba ya riƙe ni kuma ina so in gina nawa, muka yi ƙa'ida: duk wadda na fara gani a shago ta shago ce ko da ita ta neme ni, hoton aikin da na yi a shago ba zan ɗora a matsayin na gidana ba, ko auduga ɗaya ta shago ba za ta bi ni gida ba, kuma ranakun aikina ba zan zo a makare ba wai don na tsaya sallamar wata. Kun san me ya biyo baya? Yanzu in aiki ya yi mata yawa lokacin bukukuwa ita da kanta take turo min mutane.

Rigimar nan ma ba yau aka fara ta ba. Madam C.J. Walker ta Amurka da ake ta ba da misali da ita, wadda aka haifa a 1867 ta rasu a 1919, wankau take yi kafin ta shiga saida man gashin wata mata mai suna Annie Malone, daga baya wajen 1906 ta ɓalle ta fara nata tana bi gida-gida, kuma Malone ta zarge ta da kwaikwayon haɗinta. Masu ba da labarin sai su tsaya a kan arzikin da ta yi su tsallake wannan ɓangaren.

Sannan dan Allah a daina zuga yara su ajiye aikin shago daga sun samu mutum biyar. Aikin gida wata ɗaya a cika miki ɗaki, wata na gaba ki yi ta kallon waya shiru kamar an ɗauke ruwa, albashin nan da kike rainawa shi ne zai saya miki shamfu a irin watan. Ga shi a shago ne hannu yake faɗawa, kina ganin kai iri-iri, gashi mai tsauri da mai santsi da wanda rilaksa ta cinye, in kika kuskure akwai babba a bayanki da za ta gyara.

Jari kuma da ake cewa babu, akwai shi, ɓoyewa yake. A shago ba ki taɓa tunanin kuɗin ruwa da wuta da wankin tawul da safar hannu ba saboda ba daga jakarki suke fita ba. Ni sai da na yi wata uku ina murna kuɗi na shigowa, ranar da kaya suka ƙare na tashi sayowa na ga babu uwar kuɗin balle riba. Daga nan na fara yin alama a jikin kwalba, duk kan da na wanke in ja layi ɗaya, har na gane kai nawa kwalba ɗaya take yi, na raba kuɗinta a kansu, na ƙara lokacina a kai. Kuɗin sana'a kuma na raba musu wuri da na cefane. Sai 'yan uwa da ƙawaye, waɗannan su ne gara a jikin sana'ar gida, haba ke da gida ma sai na biya, anjima zan turo miki. Ba a turowa. Yanzu duk aikin da zai ci min fiye da awa biyu sai an ba da kafin alƙalami nake riƙe wa mutum rana, wadda ta ji haushi ta ji.

Amma Malam Edita abin da ya fi damuna, wanda shi ne ma ya sa na ɗauki biro, shi ne lafiyar mutane. Mataji ɗaya in ya bi kai goma ba wanki zai iya raba musu makero da kwarkwata. Ƙarfen gyaran farce da reza in suka taɓa jini ba wasa ba ne, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a jikin abu a bushe ba ta mutu ba, kuma goge ƙarfe da tsumma ba ya kashe ta. Sai an fara wanke shi da sabulu da ruwa tukuna a jiƙa shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, reza kuwa mutum ɗaya ce a yar. Maskara wata 3 ne bayan an buɗe, kuma burushinta bai kamata ya fita daga idon wata ya shiga na wata ba, akwai ƙanana na amfani sau ɗaya. Ku duba bayan robar hoda ko man fuska za ku ga ɗan zanen gwangwani a buɗe an rubuta 6M ko 12M, adadin watannin da abin zai yi ke nan bayan buɗewa, ni kaina sai a shago na san ma'anarsa.

Rilaksa kuma da yawanta sinadarin soda ne mai ƙarfin gaske, shi ya sa take ƙona fatar kai in an bar ta ta wuce lokaci ko an sa wa wadda ta sosa kai, kuma ba a maimaita ta sai sabon gashi ya fito, kamar sati 8, a kan sabon kawai. Rinin gashi da baƙin lalle da yawansu akwai wani sinadari a ciki da ake kira PPD, wasu jikinsu ba ya ɗaukarsa, fuska ta kumbura fata ta yi ƙuraje masu ruwa, shi ya sa kamfanonin rini suke rubuta a gwada kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a jira awa 48. Kwastoma za ta ce ke dai sa min sauri nake, in kika biye mata abin ya ɓaci, a shago sunan shago ne zai sha, a gida kuwa ƙofar ɗakinki za a ƙwanƙwasa. Haka kitso mai tsauri da ake yaba mu a kai wai ya kama, shi ne yake cinye gashin gaban goshi, in aka daɗe ana yi ba ya dawowa.

Haɗin man bilicin kam na rufe ƙofarsa gaba ɗaya duk da na san akwai kuɗi a ciki. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri (mercury) da yake lalata ƙoda, wasu akwai maganin da likita ne kawai ya kamata ya rubuta shi, yana sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Ba zan zuba abin da ban san sunansa ba a roba in miƙa wa 'yar mutane ba.

Kar a manta gida gida ne, akwai yara. Rilaksa in yaro ya gan ta kamar man shafawa take, ruwan cire jan farce kuma wuta yake kamawa ga warin da yake hawa kai in taga a rufe take, nawa duk a akwati mai kwaɗo suke. Wadda take haya ta sanar da mai gida kafin baƙi su fara sintiri, sannan ta tambayi hukumar inda take ko ana buƙatar rajista ko lasisi, don dokar wani wuri ba ta wani ba ce.

Roƙona gare ku shi ne in za ku sake kawo batun sana'ar mata a shafinku, ku gayyato likitan fata ya yi bayanin rini da rilaksa da bilicin da Hausar da kowa zai gane, ku kuma zauna da masu shaguna a ji ta bakinsu kan 'yan aikin da suke buɗe nasu a gefe, don su ma suna da abin faɗa. Ni dai har yanzu ina shagon madam, mun yi da ita sai na ga wata shida a jere kuɗin gida sun wuce albashina sannan zan ba ta notis na wata guda, yanzu ina na huɗu.

Na gode, a huta lafiya.

Taku mai karatu, wata mai gyaran gashi.