Zuwa ga ɗana a Abuja, daga tsohon mai ɗaukar jaka

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙaninka ne ke danna wayar ni ina faɗa, saboda haka in ka ga magana ta karkace, hannunsa ne, ba bakina ba.

Hoton da ka turo ranar Asabar ya zagaye gidan nan kaf. Innarka ta ƙura masa ido ta ce me kake nema a cikin ciyawa da sanda, ko maciji aka gani. Ni kuwa tun kafin a karanta mini rubutun da ke ƙasa na gane filin golf ne, wanda masu rediyo ke ce wa ƙwallon lambu. Ka ce oganka ne ya ja ka, kuma abin ya fara shiga ranka. To, zauna ka ji labarin da ban taɓa ba ka shi cikakke ba.

A 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ruwa ya ɗauke mana, gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa. Kakanka ya tura ni Kano wurin wani ɗan'uwansa don a rage baki a gida. Shekarata 14. Yaran unguwa suka ja ni filin golf, na zama kadi, wato yaron da ke saɓa wa ɗan wasa jakarsa. Sanda 14 doka ta yarda a zuba a jakar, rami 18 za a bi, tafiyar awa huɗu ko fiye, kai kuma ko takalmi ba ka da shi, ga ƙaya. Kewayen ramin ma a lokacin ba koriyar ciyawa ba ce irin ta hotonka. Yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai, in mutum zai tura ƙwallo rami sai an share masa sawun waɗanda suka riga shi. Rani uku na yi ina wannan aiki, da kuɗinsa na sayi tunkiyata ta farko.

Wasan nan babu alƙalin da ke bin kowa a baya. Kai za ka ƙirga bugunka da kanka ka faɗa, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Shi ya sa wanda ke bayan jaka yake sanin mutane fiye da matansu na aure. Na ga babban mutum mai mota da direba ya sa ƙafa ya ture ƙwallo daga gindin ƙaya zuwa fili, ya waiga hagu da dama, ni da ke tsaye a gabansa bai ma ɗauke ni mai ido ba. Wani kuma ya buga ƙwallonsa ta faɗa daji, muka neme ta har rana ta yi ja, ya ce sakacina ne, ya shiga mota da ladana. Daren nan da ruwan randa na kwana. Akwai kuma wanda duk ranar da na ɗaukar masa jaka sai ya tambayi ko an yi ruwa a garinmu, kuma bai taɓa manta sunan garin ba. Shekara hamsin ke nan, duka ukun ina ganin fuskokinsu.

Don haka yaron da ke ɗaukar maka jaka, ka san sunansa. Ka ba shi haƙƙinsa hannu da hannu kafin ka shiga mota, kada ka ce direban oga ya miƙa masa. In la'asar ta riske ku a fili, ku tsaya ku yi salla, ramin ba ya gudu. Bugunka kuma ka faɗi yadda yake ko da zai ba ka kunya.

Ban hana ka wasan ba. Tafiya ce a ƙafa, kai kuma tun da ka samu kujera mai juyawa tumbi ya fara leƙowa, na gani a hoton. Ka ce mini a waya wai gwanin golf ɗin nan Tiger Woods ya sake cin babbar gasar Masters a 2019 yana da shekara 43, saboda haka ba ka makara ba. Madalla. Amma shi tun bai iya ɗaura wando ba ubansa ya danƙa masa sanda, kai kuwa naka uban fartanya ya danƙa maka. Abin da ke damuna shi ne aljihu. Sandunan da ke hannunka na aro ne, na sani, kuma na san watarana zuciya za ta ce maka aro ya isa. Daga sanduna sai takalmi, sai kuɗin shiga kulob, sai ranar da za a ce yau kai za ka biya abin da aka ci aka sha. Mutanen da kake tafiya da su albashinka na wata shi ne kuɗin man motarsu. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kada ka ci bashi saboda wasa, ko na banki ko na adashen ofis. In kuma aka ce a sa ɗan wani abu a kan rami don wasa ya yi armashi, caca ce, ka ce ba ka yi. A gabana aka fara da kwalbar lemo aka ƙare da agogon hannu.

Ka ce a filin ake ƙulla harka, wanda ba ya zuwa ana mantawa da shi ranar ƙarin girma. Ban musa ba, na ji ana ƙulla ta da kunnena. Sai dai oga ma'aikaci ne kamarka, takarda ɗaya za ta ɗauke shi zuwa wani gari, wanda zai gaje shi kuma wataƙila ƙwallon ƙafa yake kallo. A ranar fayil ɗin da ke teburinka za a buɗe. Ka kula da shi kamar yadda kake kula da wannan farar ƙwallon.

Labarin gida kuwa, gero ya shiga rumbu, alhamdulillahi ya fi na bara. Riɗi mun kaɗe, yana cikin buhuna, ban sayar ba tukuna don dillalai sun yi mana taron dangi da farashi. Dawa da wake na nan sai iska ta ƙara bushewa. Noman rani a fadama kam ina ta lissafi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban-ruwa ya fi ɗan ƙwadago ci. Kawunka na ta zuga ni mu haɗa kuɗi mu sayi mai aiki da hasken rana. In ka zo ma yi shawara.

Zuwan naka kuma dole ne. An sa ranar ƙanwarka, Asabar ta biyu bayan an gama yankan dawa. Dangin yaron sun kawo lefe, mutanen kirki ne. Ranar Alhamis zan kai bijimin nan mai ƙaho ɗaya kasuwar Maigatari saboda kayan ɗaki da gara. Gado da katifa na wuyanka, haka innarka ta yanke, kuma ka san ba a ɗaukaka ƙara a kotunta. Kada ka turo kuɗi ta waya ka ce aiki ya riƙe ka. Kai ne babban wa, ina so in waiga a wurin ɗaurin aure in gan ka a bayana, kana raba goro da dabino. Ka zo da yaran, ƙaramin bai taɓa ganin rumbu ba.

Sai maganar karenmu Duna. Ka tuna a kwali ka kawo shi shekarar da ka gama sakandare, innarka ta rantse ba zai kwana a gidanta ba, sai da liman ya ce mata karen gadin gona da dabbobi ba laifi. Shekara 13 ke nan. Ya tsufa ƙwarai, ɗana. Idonsa ya yi fari, sai ka zo dab da shi kake kira ya ji, ƙafafun baya kuma da sanyin asuba ba sa ɗaukarsa sai rana ta taɓa shi. Ƙashi ya gagare shi. Ita wadda ta yi rantsuwar ita ce yanzu ke jiƙa masa tuwo da romo, ta ajiye a bayan garke, wai kada ya mutu a ce ita ce. Malamin dabbobi da ya zo yi wa shanu allura ya yi masa ta rigakafin haukan kare kamar kowace shekara, ya duba shi ya ce tsufa ne, ba shi da magani. Na shimfiɗa masa tsohon buhu kusa da turken awaki, waɗanda ya hana ɓarayi kwashewa har sau biyu.

Har yanzu in na saɓa fartanya sai ya yunƙura ya biyo ni. Da can har gona muke zuwa, yanzu iyakarsa gindin kukar nan ta bakin hanya, inda motar Gumel ke sauke mutane. Nan zai kwanta har in dawo. Ban ga alamar zai ga ƙarshen hunturun bana ba.

Ka taho mini da maganin ɗigawa a ido irin na wancan karon, da batirin rediyo. Innarka ta ce a gaya wa maiɗakinka ankon shuɗi ne, kada ta ɗinka wani. Ka shafa mini kan yara.

Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.