Zuwa ga Uwata, a Yamai

Birni, Damagaram, daren Laraba

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba. Ya karatu, ya baƙunta, ya zafin Yamai? Mu nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Mamarki na gaishe ki, su Sani ma haka. Pampo yau kwanansa shida bai ɗiga ba, mun koma hannun ƴan garuwa kamar yadda kika bar mu.

Da gangan na ɗauki biro ban kira ki ba. Na san ki a waya: "To Baba, in sha Allah Baba," har kuɗin kiran su ƙare, maganar ta bi iska. Takarda kuwa tana nan cikin jakarki, in kin yi fushi kin ajiye, gobe ki sake ɗauka.

Gwaggonki ta dawo ranar Lahadi. Ba ni ta faɗa wa ba, kada ki riƙe ta a rai. Mamarki take ba labari a madafa, ni kuma ina kishingiɗe ƙarƙashin dogon yaro, sun ɗauka barci nake. Ta ce kowace safiya kina tsaye wurin mai shayin ƙofar makwancinku, burodi da ƙwai, har kina ce masa kada ya bari ya soyu sosai, kin fi son shi da ɗan ruwa-ruwa, a lafta mayonez a kai. Ta ce kuma watan jiya kin yi kwana uku da masassara, kika aiki ƙawarki ta sayo miki ƙwayoyi wurin mai talla, jiki ya yi sanyi kika koma aji, ba wanda kika gaya wa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Kin manta ne, ko kin ga kamar abin ya wuce?

Ni har yanzu ina jin nauyinki a bayana, daren da na goya ki daga ɗaki zuwa bakin titi saboda mota ba ta shiga lungunmu, ƙafarki ta hagu na lilo, ko zane ya taɓa kwatangwalon sai ki yi ƙara. Kafin wannan daren sau biyu muka kai ki wancan ƙaramin asibiti, sau biyu suka ce zazzaɓin sauro ne. Na uku suka yi gwajin Widal suka ce taifot, suka rubuta ƙwayoyin kwana biyar. Ba gudawa, ba amai, wa zai kawo maganar abinci a ransa? Sai da aka ɗebi jininki aka zuba a kwalba aka ajiye kwanaki, sannan likita ya kira ni gefe ya nuna mini takardar. Salmonela. Uwata, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Shekara 31 na yi a ma'aikatar kiwo, daga Mirya zuwa Magarya zuwa Tanut ina bin ƙauyuka ina yi wa masu kaji wa'azin wannan ƙwayar cutar. Sunanta ma daga likitan dabbobi aka samo shi, wani Ba'amurke, Daniel Salmon. Ina can ina gargaɗin mutane, ashe tana tsakar gidana. Sau biyu aka zuƙe mugunya daga gaɓar, sati shida kina shan allura da magani, wata huɗu kina dogara sanda. Jarrabawar bak ta wannan shekarar kina kwance ta wuce ki.

Bari in sake faɗa miki abin da kika riga kika sani, tunda da alama sanin bai zauna ba. Ƙawayenki da kuke tsayawa tare wurin mai shayin, in suka haɗiyi wannan ƙwayar, tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 ciki zai murɗa, su yi gudawa da zazzaɓi na kwana 4 zuwa 7, su sha ruwan gishiri da sukari su miƙe. Mafi yawansu ko magani ba sa bukata. Ke jikinki ba irin nasu ba ne. Ciwon lufus da kike fama da shi ya rikita garkuwar jikinki, ta bar baƙo tana dukan ƴan gida: fata, gaɓoɓi, ƙoda. Don a hana ta wannan ɓarnar ake ba ki Cortancyl, wato kortizon, da Imurel, su kuwa ɗaure mata hannu suke yi, ba ruwansu da ko dukan ki take ko kare ki take. Shi kansa lufus ɗin yana cinye wasu sinadaran jini masu taimakawa wajen kama ƙwayoyin cuta, a jikin wasu har saifa yake raunanawa. To irin wannan gidan salmonela take nema. Takan tsallake hanji ta shiga jini, sau da yawa ba tare da gudawar da za ta tona asirinta ba. Tana iya zama da ranta cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu ne su haɗiye ta su kashe. Daga nan ta nemi inda ya riga ya yi rauni ta tare, ƙashi ko gaɓa, musamman kan ƙashin cinya, wanda yawan kortizon kan rage wa jini. Kin ga yadda take cin ƙashin yara masu sikila, ga ɗan kawunki nan. Kusan haka take yi wa masu lalurarki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takan lafa sannan ta dawo. A gabanki likita ya faɗa, wanda ta taɓa shiga jininsa kuma garkuwarsa a danne take, ba ya sakin jiki da ita.

Wannan masassarar ta kwana uku, da me kika gane ta sauro ce? Kortizon yana danne zafin jiki, ciwo na ci a ciki, goshi kuwa ɗan ɗumi kawai. Lufus in ya motsa yana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, salmonela ma haka. Likitoci da duk kayan aikinsu sai sun yi gwaji suke raba su, domin in lufus ne ƙara kortizon ake yi, in kuwa ƙwayar ce aka ƙara shi, an zuba wa wuta fetur. Ke kika zauna a kan gado ke kaɗai kika yanke hukunci. Ƙwayoyin mai talla da suke wuni cikin rana a kan tire, in ma na gaske ne, shan kwana biyu ya isa ya ɓoye ƙwayar daga gwajin jini, bai isa ya kashe ta ba, haka ake koya mata jure magani. Wannan sakarci ne, Uwata, kuma ban haife ki sakarya ba. Ɗalibar jami'a guda tana aike wurin mai talla!

Kin san abin da na sha kafin ki tafi. Baffanninki suka zauna a zauren nan suka ce mai irin lalurarki ba a tura ta nisan kilomita kusan 900, ga jami'ar André Salifou a bakin ƙofa, ta yi karatu ta kwana gida. Ni na tsaya na ce ciwon bai taɓa ƙwaƙwalwarki ba, inda kika zaɓa nan za ki. Na ce na yarda da hankalinki fiye da na wasu mazan da ke zaune a wurin. Har yau gaisuwata da babbansu sama-sama ce. Kajin mamarki 14 da zabinta, da ta tara da kuɗin adashi, ni na ɗaure su na kai kasuwar Dole rana ɗaya kina asibiti. Ta yi kuka, ta ce ba ni da tabbacin daga su ne. Gaskiyarta. Amma na san kaza na iya ɗauke da ƙwayar tana kiwonta garau, ta sa ta cikin ƙwai tun ɓawo bai rufe ba, ko da sabulu ka wanke bayan ƙwan aikin banza ne. Ko yau aka mayar da ni wannan rana zan sake sayar da su. Ba godiya nake nema ba. Amma gidan da aka daina jin carar zakara saboda ke, ke ce za ki je ki sayi ɗanyen ƙwai da kuɗinki?

Na ajiye biron na yi alwala na dawo. Zafin ya yi yawa, na gani, amma ba zan yaga takardar ba.

Na san kin gaji. Tun kina shekara 16 kike haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, kina lulluɓe fuska daga rana, kina kallon sa'o'inki suna cin abin da suka ga dama. Mamarki ta ce kunya kike ji a ce ke ce mai zaɓen abinci cikin ƙawaye. Na gane, ɗiyata. Ni ma da za a karɓar miki da tuni na karɓa.

Ban hana ki ƙwai ba. Ki ce ya soya shi har gwaiduwar ta daskare, ko ki dafa naki a ɗaki ya yi tauri. Kwalbar mayonez da ke buɗe tun asuba, cokali ɗaya na shiga yana fita a hannun da ya fasa ƙwai talatin, ki bar musu. Kaza ki tsaga ta kusa da ƙashi, in kin ga ja a mayar wuta. Firigo ba ya kashe ƙwayar, dahuwa ce ke kashe ta. Fura da nono na san ranki ne, sai dai nonon da ba a tafasa madararsa ba ba naki ba ne, ki dama da yawut na kamfani. Salati da kwaɗon titi, a'a. Ruwa ki tafasa ko ki jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs, ki rufe bakin tulu, ƙadangaru ma suna ɗauke da ita a kashinsu. In maganar rigakafin taifot ta taso, ki tambayi likitanki na allura, domin na haɗiya da ƙwayar mai rai ake yin sa, ba a ba wanda garkuwarsa ke danne. Ita ma allurar ba ta tsare ki daga ta kaji da ƙwai, dangin juna ne amma kowacce da hanyarta. Kome ya faru kuma kada ki yanke Cortancyl da kanki rana ɗaya. In amai ya hana shi zama, asibiti za ki a ranar. Plaquenil ma, ɗayan maganin lufus ɗinki, kada ki tsallake.

Cikin ƙullin da zan ba yaron kar ɗin gobe akwai ma'aunin zafin jiki, na gwada shi a hammatata ya nuna 36,8. In ya kai 38, ko kin ji sanyi na kaɗa ki, ko kwatangwalon ya yi miki wani iri ko da babu zafi, ki ɗauki littafin asibitinki ki tafi. Ki ce musu kina da lufus, kina shan kortizon, salmonela ta taɓa shiga jininki, a ɗebi jinin da ake ajiyewa a kwalba kafin a ba ki kowane maganin ƙwayoyin cuta. Da bakinki, a jere haka, ko ba su tambaya ba. Na sa kwafin tsohuwar takardar gwajin a ciki, da jaka goma na taksi da analiz. Ba na littafi ba ne, ba na anko ba ne, ki ajiye su daban. Mamarki ta ƙara miki dabino da garin kunu.

Maganar masassarar watan jiya ba ta wuce ba a wurina. Ki je wurin likitanki cikin satin nan ki gaya masa abin da kika sha, in kin ajiye kwalin ki tafi da shi. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan kira, ina so in ji abin da ya ce.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Babanki