Murjanin da ya zuba a wuyan amarya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 22 ke nan ina haɗa wa mutane kayan lefe a nan Maraɗi, kuma da na ɗauka babu mai yi mini wayo a kan murjani. A bazarar bana na sayi igiya uku wurin wani ɗan kasuwa da ya rantse mini na Makka ne. Ranar buɗar kai amarya ta sa, zufa ta keto mata, wuyan farin leshinta ya rine ja wur. Uwar ango ta kira ni gaban mata ta ce, "Hajiya, wannan ne murjanin?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ɗana da ke karatun kimiyya ne ya zaunar da ni. Ashe murjani ba dutse ba ne, ƙashin wata ƙaramar halittar teku ce, kuma kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Jan da kakanninmu suka sani daga Bahar Rum yake fitowa, kuma har gobe garin Torre del Greco kusa da Napoli a Italiya ne cibiyar masu sassaƙa shi. Akwai na tekun Japan da Taiwan, mai tsadar gaske. Nawa kuwa wani farin iri ne mai gaɓa-gaɓa kamar gora, mai araha, da ake tsomawa a rini. Makka dai kasuwa ce, ba a can ake haƙo shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yanzu ana yi wa murjani gwajin DNA, irin wanda muke ji a rediyo idan an yi gardamar uban ɗa. A 2020 cibiyar SSEF mai gwajin duwatsu masu daraja da ke Basel a Suwizalan, tare da masana na Jami'ar Zurich, suka nuna cewa ɗan garin da za a kankaro daga cikin hudar ƙwaya, 'yan miligiram kaɗan, ya isa a gane jinsinsa, ƙwayar kuma ba ta lalace ba. Dalilinsu na 'yan duwan ne: tun 2008 Sin ta sa jinsi huɗu a jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takarda suke tsallake iyaka, kuma idan an goge su ido ba ya rarrabewa.

To, ni ba zan aika igiya Basel ba. Dabarunmu na gida kuma rabin hanya suke kaiwa. Allura mai zafi tana tona roba, ruwan goge farce a auduga yana fito da rini, lemun tsami yana ɗan tafasa a kan murjani amma ba ya yi a kan gilashi. Sai dai jabun nan nawa shi ma yana tafasa, don shi ma ƙashin teku ne.

Lefe ma da sauƙi. Na ga an raba gado an ba 'ya mace murjanin uwarta a kimar zinariya, babu wanda ya tantance. Shi ya sa nake roƙon malaman kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ware ko rana ɗaya a wata mu riƙa kai musu su duba da madubin ƙara girma, dillalai kuma su riƙa faɗin sunan abin da suke sayarwa. Na biya uwar ango kuɗinta daga aljihuna, igiyoyin ukun suna nan cikin kwalla, duk malamin da yake son na gwaji ya aiko.

Wata mai haɗa lefe,
Unguwar Bagalam, Maraɗi