A Riƙa Tunawa Da Sojojin Ruwa Na Yaƙin Basasa

Ya Edita,

Duk 15 ga Janairu ana jinjina wa 'yan mazan jiya, amma da wuya a ambaci sojojin ruwa. Alhali su suka tsare gaɓar teku, suka kuma sauke dakarun kwamandan sojan ƙasa na tarayya Benjamin Adekunle a tsibirin Bonny na Jihar Ribas cikin Yuli 1967, sannan Kalaba cikin Oktoba.

Masu kwale-kwalenmu na Yauri za su fi kowa gane wuyar aikin. A kogin Neja, ruwa watanni yake ɗauka yana cika, watanni yana janyewa. A bakin teku kuwa sau 2 a rana, wajen awa 6 tsakanin cika da janyewa. In jirgin sauke dakaru ya makara, sai ya kafe a yashi, ga wuta daga gaɓa, ba gaba ba baya har ruwa ya dawo. Shi ya sa ake auna zurfi kafin a matsa.

Ga gishiri yana cin ƙarfen bindiga. Rashin gogewa da mai kullum, sai ta cije ana tsakar wuta. Na ɗakin inji kuwa ba ya ganin komai, dukan harsashi a jikin jirgi kawai yake ji.

A sa wannan cikin darasin tarihin makarantunmu.

Mai karatunku,
daga Yauri, Jihar Kebbi