Rahoton Ayyukan Shekara: Duba Filaye Kafin a Sa Harsashi

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

An yi tarurrukan wata-wata, kuma waɗanda suka saba zuwa su ne dai suka zo.

Abin alfaharinmu na bana shi ne filin nan da za a gina rukunin gidaje, wanda muka duba ko akwai kayan tarihi binne a cikinsa kafin a fara gini. Kafin mu taɓa ƙasa sai da muka bi tsoffin taswirori da hotunan da aka ɗauka daga sama, muka kuma zauna da dattawan da suka san wurin tun yana gona. Duk sun nuna akwai kufai a kusurwar gabas. Da muka taka filin bayan an ɗauke ruwa, sai ga tsingaro birjik. Masanin da ya taimaka mana kyauta ya bi wurin da na'urar auna maganaɗisun ƙasa, wadda ke gano inda wuta ta taɓa ci, domin ƙasar da ta ƙone maganaɗisunta na canzawa. Inda ta nuna aka haƙa ramukan gwaji, aka tarar da murhu da gawayi da gindin tukwane, kowanne a shimfiɗar ƙasar da ta binne shi tun zamaninsa. Darajar abin ke nan, domin tukunyar da katafila ta tono ta watsar ba ta iya faɗin zamaninta. Mai ginin, Allah ya saka masa da alheri, ya yarda ya matsar da gidajen wannan kusurwa, ya bar kufan a binne yadda yake.

Masu tambayar shekarun wurin, ku yi haƙuri. Gawayin yana nan a ƙunshe wajen ma'aji. Ana gane shekarunsa ne da awon sinadarin kabon 14, wanda rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730, kuma ɗakin gwaji ba ya yin wannan aiki bashi. Da me za mu biya, alhali mafi yawanku ba su kawo kuɗin wata ba? Na kira, na aika saƙo, har gida na bi wasu.

Fili na biyu da muka yi niyyar dubawa kuwa, katafila ta riga mu. Ba sakacin kwamiti ba ne: ranar da aka sa za a taka shi, waɗanda suka yi alkawari ba su fito ba, kuma mutum ɗaya ba ya kewaye fili irin wannan.

Duk mai bashi a kansa ya ga ma'aji kafin taro na gaba. Da kuɗin farko da ya shigo za a tura gawayin.

Sakataren ƙungiya