Wasiƙa ga Aminina kan Waƙar Sojan nan Wilfred Owen

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun namu ya yi tsawo, har Hajiya ta fara tambaya ko mun ɓata ne. Sai ga saƙonka cewa an ɗora maka ajin adabin Turanci, kuma waƙar Owen, sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta hayaƙi mai guba, wato "Dulce et Decorum Est", tana cikin manhaja. Kai da ka riƙa gudun darasin waƙa kamar an ce maka kura ce a ajin, yau kai ne malaminta!

Ka ce za ka rubuta musu a allo cewa jigonta shi ne munin yaƙi, ka wuce. Don Allah kada ka yi haka. Ƙorafin Owen yana cikin yadda ya gina waƙar, kuma ginin ne ya kamata yaran su gani. Ɗango 28 ne, an kasa su baiti huɗu marasa daidaito: takwas, shida, biyu, sai sha biyu.

Takwas na farko ka karanta su a hankali, da nauyin murya. Sojoji ne ke janyewa daga bakin daga cikin taɓo, a sunkuye, suna tari, wasu takalmansu sun salwanta ƙafafu na jini, wasu suna tafe suna barci. Gajiya ta hana su ko jin faɗuwar harsasan igwa a bayansu. Sai baiti na biyu ya ɓarke da ihun gargaɗi, kowa na lalubar abin rufe fuska da hannu mai rawa, mutum ɗaya ya makara.

A nan malamai da yawa ke yin tuntuɓe, domin ba sa bayyana hayaƙin. Jamus ta fara sakin hayaƙi mai guba na kulorin da yawa a Ipir ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilu 1915, daga baya aka shigo da wani hayaƙin mai suna fosjin. Dukansu sun fi iska nauyi, don haka suna kwarara cikin ramukan yaƙi, wato daidai inda mai rauni ke neman mafaka. Suna ƙona fatar cikin huhu, huhun ya cika da ruwa, mutum ya kasa numfashi alhali yana kan busasshiyar ƙasa. Shi ya sa Owen ya ce ya hango shi yana nutsewa a koren teku. Kulorin kore-kore ne, gilashin abin rufe fuskar kuma ya yi hazo. In ba ka faɗi wannan ba, ɗalibai za su ɗauka adon magana ne kawai, alhali abin da ido ya gani ne.

Ɗango biyun da ke tsaye su kaɗai, ka nuna musu cewa labari ya tashi daga abin da ya wuce ya koma na yanzu: a kowane mafarki mutumin yana faɗo masa yana shaƙewa. Owen ya fara rubuta waƙar a Oktoba 1917 a asibitin Craiglockhart kusa da Edinbura, inda aka kai shi jinyar firgicin yaƙi. Likitansa Arthur Brock ne ya ƙarfafa masa gwiwar rubutu, kuma a can ya haɗu da mawaƙi Siegfried Sassoon, wanda ya riƙa duba masa waƙoƙi.

Af, kafin in manta, an sa ranar ƙaninka na Fagge bayan Babbar Sallah, kuma Baba ya ce ba zai karɓi uzurin nisa ba a wannan karon. Ka fara tanadin kuɗin mota tun yanzu.

Sha biyun ƙarshe jimla ɗaya ce doguwa, kada ka bari su yanka ta. Sharaɗi ne: da kai ma za ka bi bayan amalanken da muka jefa sojan da ya makara a ciki, ka ga idanunsa na juyawa, ka ji jini na kumfa daga huhunsa a duk gargadar hanya, da ba za ka faɗa wa yara tsohuwar ƙaryar nan ba. Ƙaryar ɗango ne na Horas, mawaƙin Rumawa, cewa mutuwa saboda ƙasa abu ne mai daɗi da dacewa. Ka lura ba Bajamushe yake tuhuma ba, mutanen gida ne. A rubutun farko ma ya sadaukar da ita ga Jessie Pope, wadda a lokacin take buga waƙoƙin zuga samari su tafi yaƙi a jaridu, daga baya aka cire sunan.

Yaranmu sun tashi da kirari da waƙoƙin mazan jiya, wani zai ce ai ragon soja ne. Ka ba shi amsa da tarihi. Owen ya koma Faransa a 1918, ya sami lambar jarumta ta Military Cross, aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamba wajen ƙetare mashigin ruwan Sambre-Oise, saura mako guda a tsagaita wuta, yana da shekara 25. Waƙar ba ta fito a littafi ba sai 1920.

Ka ware mata darasi biyu, ɗaya ba zai isa ba. Kuma ka rubuto min ko za ka zo da iyali bikin, don Hajiya ta san ɗakin da za ta gyara. Ka gaida uwargida da kyau.

Naka amini.