Kamfe ya shigo shagonmu

Malam Edita, sallama. Ina aiki a wani ɗan kamfanin ɗinki da buga riguna nan Maraɗi, kuma tunda aka yi zagaye na farko na zaɓen shugaban ƙasar Nijar ran 27 ga Disamba 2020 ba mu huta ba, har zagaye na biyu ran 21 ga Fabrairu 2021. Da safe mu buga rigar wannan jam'iyya, da la'asar ta abokan adawarta, allo ɗaya, sai dai a wanke a canza fenti. Maigida ya hana gardamar Bazoum da Mahamane Ousmane, ƴan takarar zagaye na biyu, a bakin keke, amma da an ɗauke kuran shikenan rediyo ta koma wayar wani, musu ya tashi har shayi ya huce.

Abin da ya sa na rubuto dai bashi ne. Wakilan ƴan takara su kawo oda ta gaggawa, su ba da rabi su ce sauran bayan zaɓe, mu kwana muna guga da dutsen gawayi, yara masu koyo ko jika ɗaya ba su gani. Wanda ya faɗi wayarsa a kashe, wanda ya ci ya tafi Yamai. Don Allah ku ja musu kunne su riƙa biya kafin ranar ƙuri'a.

Wani tela, Maraɗi